Shin Kakan Ɗan Abdulwahhabi Bayahude Ne? Mu Ɗora Maganar A Kan Sikeli

 

Ya 'yan'uwa ahbabu, akwai wata magana da ta daɗe tana zagaye a tsakaninmu, daga Agiye zuwa Gazawa har Gidan Runji, a bakin ƙofar zawiya bayan an tashi daga wazifa, a wurin zaman makoki, yanzu kuma a cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Maganar ita ce wai Muhammadu ɗan Abdulwahhabi, wanda ake jingina wa Wahabiyanci, asalinsa Bayahude ne. Wai kakansa Sulaimanu sunansa na gaskiya Shulman, wani ɗan kasuwa daga garin Bursa na ƙasar Turkiyya, cikin Yahudawan nan da suka shiga Musulunci da baki suka ɓoye addininsu a zuci. Wai ya bi ta Sham da Misira da Makka ana korarsa, har ya ɓuya a Najadu ya ari rigar Larabawa. Wani lokaci a haɗa da gidan Sa'udu, a ce su ma kakansu wani Bayahude ne mai suna Mordakai. Idan mai ba da labarin ya kai aya, sai a yi kabbara, wani ya ce, "Ai shi ya sa!"

Wannan "ai shi ya sa" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Labarin yana yi mana daɗi, kuma dalilin daɗin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, ta ƙetaro iyaka ta yi ƙarfi a Maraɗi, babu irin sunan da ba a kira mu da shi ba: 'yan bidi'a, masu bautar kabari, mushirikai. An ƙi bin iyayenmu salla, an ƙi cin yankansu. Wanda aka yi wa haka, in aka miƙo masa sandar ramuwa ba ya tsayawa duba ko a gonar wa aka saro ta. Amma murid mutum ne da ya yi alkawarin sa ido a kan zuciyarsa, kuma farkon abin da ake koya masa shi ne ya tuhumi duk abin da ransa ya yi saurin karɓa. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, maganarsa ta kansa ma ya umarci almajiransa su auna ta da ma'aunin shari'a, abin da ya dace su riƙe, abin da ya saɓa su bari. In maganar Shehu tana hawa sikeli, saƙon murya da ba a san wanda ya fara naɗarsa ba ai ba zai wuce ta gefe ba.

Kada wani ya ɗauka na zo wanke aƙidar mutumin Najadu ne. Saɓaninmu da shi a kan tawassuli da ziyara da waliyyai da kafirta Musulmi yana nan daram, malamanmu sun rubuta littattafai a kai kuma sun isar. Tambayata ɗaya ce: ya halatta mu ɗauki wannan labari na asalinsa mu kai gaba?

Mu fara da fiƙihun da muka karanta a zaure. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin haddodi, ya ga cewa wanda ya kore mutum daga nasabarsa hukuncinsa ɗaya da mai ƙazafi, bulala 80. Muktasar na Halilu ya bayyana cewa korewar ta shafi uba ta shafi kaka. A mazhabarmu ta Malikiyya nasaba tana tabbata da shahara, wato abin da mutanen gari suka taso suka ji iyaye da kakanni suna faɗa ba tare da wani ya musa ba, kuma ana gaskata mutane a kan asalin da aka san su da shi har sai hujja ta zo. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai korewa. A Sahihu Muslim kuma an lissafa sukar nasaba tare da kururuwar mutuwa cikin ɗabi'un jahiliyya da suka maƙale wa al'umma, har aka ambace su da kalmar kafirci don tsoratarwa. Ban ga inda aka yi togiya aka ce sai fa in wanda ake suka abokin gaba ne ba.

To me aka sani game da gidan mutumin? An haife shi a Uyaina a 1115 bayan hijira, daidai da 1703, ya rasu a 1206, wato 1792. Danginsa Alu Musharraf ne, reshe daga Banu Tamim, tushensu garin Ushaiƙir, gida ne na alƙalai da malaman Hambaliyya. Mahaifinsa Abdulwahhabi alƙalin Uyaina ne kafin ya koma Huraimila. Kakansa Sulaimanu ɗan Aliyu, wanda ake cewa Shulman, shi ne babban mai fatawa na Najadu a zamaninsa, yana da littafi a kan hukuncin aikin hajji. Najadu ta wancan lokaci ƙananan garuruwa ce na dabino da rijiyoyi, inda kowa ya san kakan kowa, ba a ba baƙo mata sai an bi salsalarsa. Mu da muke zaune a ƙauyuka mun san yadda wannan take. Baƙon da ya sauka a Gangara shekara 40 da suka wuce, har gobe in aka zo maganar aure sai an tuna daga ina ubansa ya taso. Yaya za a yi Baturke mai sayar da kaya ya sauka cikin Banu Tamim, ya ce shi ɗansu ne, su naɗa shi alƙali, babu ko tsohuwa ɗaya da ta ce ba ta san uwarsa ba?

Shaidar masoya ana iya cewa son kai ne, saboda haka mu tambayi maƙiyansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa raddi tun da wuri ɗan'uwansa ne uba ɗaya, Sulaimanu ɗan Abdulwahhabi, alƙalin Huraimila, mai littafin da aka fi sani da Assawa'iƙul Ilahiyya, wanda mu kanmu muke kafa hujja da shi. A nan sai mai yaɗa labarin ya tsaya ya yi tunani, domin kakansu ɗaya ne: in jinin Shulman ne ya haifar da Wahabiyanci, shi ne kuma ya haifar da raddin Wahabiyanci. Sai Ibn Humaid, muftin Hambaliyya a Makka, wanda ya rasu a 1878, mutumin Najadu ne kuma ba ya ga maciji da wannan da'awa. A littafinsa na tarihin malaman Hambaliyya ya ƙi ware wa Muhammadu babi, amma ya kawo kakan da uban cikin girmamawa, ya kira su Tamimawa, ya kuma ruwaito cewa uban bai ji daɗin hanyar da ɗan ya ɗauka ba. Sayyid Ahmad Zaini Dahlan, muftin Shafi'iyya a Makka, wanda ya rasu a 1886, babu wanda ya kai shi zafi a kansu, shi ma ya ce asalin mutumin Banu Tamim ne. Shehu Ahmadu Sawi, mai hashiyar Jalalaini da malamanmu suke buɗewa kowane azumi, da ya zo kansu Hawarijawa ya kwatanta su da su. Waɗannan mutane sun ga yaƙin da idonsu ko sun ji daga waɗanda suka gani, an rushe ƙubbobi a garuruwansu. Da akwai ƙamshin wannan magana a zamaninsu, da wa zai riga su ɗauka?

Akwai ma wani abin dariya a cikin lamarinmu. Sau nawa muka ji mai wa'azi daga cikinmu ya kawo ƙissar Zul Huwaisira, Batamimen nan da ya yi wa Annabi (S.A.W) rashin ladabi wajen rabon ganima, ya ce ɗan Abdulwahhabi daga tsatsonsa ya fito tunda ƙabilarsu ɗaya? Bayan mako biyu kuma a majalisi guda a ce Bayahuden Turkiyya ne. Mutum ɗaya ba ya zama Batamime ranar Juma'a ya wayi gari Bayahude ranar Asabar. Ita ma hujjar Tamim ɗin ba ta tsaya da ƙafarta ba, don a Buhari da Muslim akwai yabon Banu Tamim daga bakin Abu Huraira, amma wannan zance ne na wata rana.

Sai lissafin shekaru, wanda shi kaɗai ya isa ya rufe bakin labarin. Waɗannan Yahudawa masu ɓoye addini da ake nufi, Turkawa suna kiransu Donme, kuma an san ranar da suka samo asali. Wani malamin Yahudawa ne mai suna Shabbatai Zebi, haifaffen Izmir a 1626, ya yi da'awar shi ne mai ceton da suke jira. Daular Usmaniyya ta kama shi, aka kai shi Edirne a zamanin Sarki Muhammadu na Huɗu, ya musulunta a watan Satumba na 1666. Wasu daga mabiyansa suka bi shi a zahiri suka ci gaba da aƙidarsu a ɓoye, daga baya suka taru a birnin Salonika. Kafin 1666 babu wani abu mai suna Donme a bayan ƙasa. Shi kuwa Sulaimanu ɗan Aliyu ya rasu a Uyaina a 1079 bayan hijira, wato wajen 1668. Ke nan ana so mu yarda cewa cikin shekara biyu mutum ya bar Yahudanci, ya zagaye Sham da Misira da Makka a kan raƙumi, ya ƙware a Larabci da fiƙihun Hambaliyya, ya zama muftin Najadu, ya yaye almajirai, ya rubuta littafi, ya haifi 'ya'ya, ya mutu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ko zurfin taki ɗaya bai yi ba.

Daga ina labarin ya fito? Inda aka fi ganinsa a tsare shi ne wani rahoto da hukumar leƙen asirin sojan Iraƙi ta rubuta a 2002, zamanin Saddam Husaini, wanda sojan Amurka suka samu bayan mamayar 2003, aka fassara shi ya bazu a intanet. Rahoton ya jingina maganar ga wasu littattafan zamani, babu isnadi zuwa ga wani wanda ya yi zamani da mutanen. Kowa kuma ya san abin da ke tsakanin Bagadaza da Riyad tun yaƙin Kuwait na 1990 zuwa 1991. Labarin Mordakai kuwa ya shahara ne ta littafin Nasir Sa'id, ɗan adawar Saudiyya wanda ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan man fetur a shekarun 1950, aka sace shi a Beirut a Disamba 1979 ba a sake ganinsa ba. An zalunce shi, Allah ya bi masa hakkinsa, amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya mayar da shi masanin nasaba. Akwai kuma ɗan littafin nan na wani ɗan leƙen asirin Ingila wai shi Hamfa, da ake bugawa a Istambul ana rabawa kyauta, wanda ya ce Turawa ne suka ƙera Wahabiyanci. Ba a taɓa samun asalinsa na Turanci ba, kuma ya ce ministan ƙasashen mulkin mallaka ne ya aiko shi a 1710, alhali Ingila ba ta ƙirƙiri wannan muƙami ba sai 1768. A ilimin hadisi, ruwayar da ta zo daga abokin gaba, babu isnadi, ta kuma saɓa wa tarihi, sunanta maudu'i, ko da abin da take faɗa ya yi wa mai sauraro daɗi.

In ka kawo wannan duka, amsar da za ka ji ita ce: "Ai sun ɓoye ne, ka san su da makirci." Ku lura da wannan amsa da kyau, ya 'yan'uwa, don ita ce dafin maganar. In an sami shaida, an ce ga shaida. In ba a samu ba, an ce rashin shaidar shi ne shaidar ƙwarewarsu a ɓoyo. Zancen da babu abin da zai iya ƙaryata shi, babu kuma wanda zai tsira daga gare shi. Da wannan awo zan iya cewa limamin garinku Bayahude ne, in kuka kawo mini kakanninsa bakwai in ce na takwas ɗin ne aka ɓoye. Babu alƙalin Musulunci da zai saurari irin wannan ƙara.

Makamin kuwa tsoho ne. Lokacin da Faɗimiyyawa suka kafa daula a arewacin Afirka suka ci Misira, halifan Abbasiyya Alƙadir ya tara malamai da sharifai a Bagadaza a 402 bayan hijira, wato 1011, suka sa hannu a takardar da ta kore su daga zuriyar Nana Faɗima. Wasu marubuta suka ƙara gishiri, suka ce wanda ya kafa daular, Ubaidullahi Almahdi, ɗan wani maƙeri ne Bayahude. Ibn Haldun, alƙalin Malikiyya ne, ba ya tare da aƙidar Isma'iliyya ko kaɗan, amma a Muƙaddima ya ƙi karɓar wannan suka, ya nuna cewa shaidar ta ginu ne a kan ji daga mutanen da ke cin abinci a fadar abokan gabarsu. Har yau masana suna saɓani a kan nasabar Faɗimiyyawa. Abin koyi a nan shi ne malamin da ya iya raba ƙin aƙidar mutum da yarda da duk abin da aka faɗa a kansa. Haka aka yi wa Mustafa Kamal na Turkiyya, wanda ya soke halifanci a 1924 ya rufe zawiyoyi a 1925. Don an haife shi a Salonika, ya kuma yi karatun farko a makarantar wani malami ɗan Donme, sai aka ce shi ma Bayahude ne. Abin da ya yi wa ɗariƙu a rubuce yake cikin dokar ƙasarsa, da lamba da kwanan wata. Mai son ya yi masa hisabi ba ya bukatar ƙirƙiro masa kaka.

Yanzu mu zo inda maganar ta fi nauyi. A ƙaddara labarin gaskiya ne, a ce an tono takarda an tabbatar kakan mutumin Bayahude ne da ya musulunta. Sai me? Me wannan zai ƙara ko ya rage a kan ko tawassuli ya halatta? Wanda yake jin cewa wannan zai zama hujja, to ya riga ya yarda da wata aƙida ba tare da ya sani ba: cewa ɓata tana bin jini, kuma kalmar shahada ba ta wanke wasu mutane. Wannan aƙida mun san wanda ya fara ta. Iblis ne ya fara kafa hujja da asali, da ya auna wuta da yumɓu ya yanke wa kansa fifiko. Alƙur'ani kuwa cike yake da rushe ta: ɗan Annabi Nuhu ya halaka a ruwa, Annabi Ibrahimu ya fito daga gidan mai sassaƙa gumaka, Abu Lahabi Bahashime ne tsantsa. Ikrima ɗan Abu Jahili ya yi shahada a tafarkin Allah. Hausawa da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Abdullahi ɗan Salami babban malamin Yahudawan Banu Ƙainuƙa ne kafin ya musulunta, kuma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ba da shaidar cewa an yi masa bushara da Aljanna yana tafiya a doron ƙasa. Uwar Muminai Safiyya 'yar Huyayyu, ubanta shugaban Banu Nadir ne kuma ya mutu yana gaba da Musulunci. Ranar da wata daga abokan zamanta ta yi mata gorin cewa ita 'yar Bayahude ce, Annabi (S.A.W) ya same ta tana kuka. Bai ce mata ta yi haƙuri ta ɓoye asalinta ba. Ya tuna mata cewa ita jikar Annabi Haruna ce, Annabi Musa baffanta ne, mijinta kuma Annabi ne, sannan ya ja kunnen mai gorin ta ji tsoron Allah. Tirmizi ya kawo wannan. Duk lokacin da muka mayar da "jinin Yahudu" zagi, mu sani bakinmu ya taɓa Uwar Muminai, ya taɓa zuriyar da Annabi Dawuda da Sulaimanu da Zakariyya da Yahaya da Isa suka fito daga cikinta. Mu da muke da'awar son Annabi da iyalan gidansa, mu ne ya fi kamata wannan ya tayar wa tsigar jiki.

Wannan tunani na bin jini, in ana neman inda aka mayar da shi doka, sai a tafi Andalus bayan ta faɗa hannun Kirista. Tun daga Toledo a 1449 aka fara dokokin da suke kira tsarkin jini, waɗanda suka hana wanda kakansa Bayahude ne riƙe muƙami ko da ya yi shekara 100 a coci. Daga baya aka faɗaɗa su kan jikokin Musulmi, har aka kwashe su aka kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. A Jamus kuma dokokin Nuremberg na 1935 kakanni huɗu suke ƙirgawa su yanke wa mutum hukunci, kuma duniya ta ga inda abin ya ƙare. Kayan aro ne, kuma an taɓa yanka mu da wuƙar.

Akwai wani ɓangare da ba mu cika son a taɓo ba, wato hakkin su Yahudawan kansu. Labarin Shulman ba ya aiki sai an fara yarda cewa kowane Bayahude, a kowane zamani, maƙarƙashiya ce ke gudana a jijiyarsa, kuma duk wata fitina a duniya da hannunsa a ciki. Alƙur'ani ya zargi waɗanda suka saɓa daga cikinsu da laifuffukan da suka aikata, ya kuma faɗa a Ali Imrana cewa Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba, cikinsu akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka. Ku tuna abin da malamai ke karanta mana a tafsirin Suratun Nisa'i, daga aya ta 105: wani Musulmin Madina, Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ, ya saci sulke ya ajiye a gidan wani Bayahude, danginsa suka taru suna so a ɗora wa Bayahuden laifi don a rufa wa nasu asiri. Ayoyi suka sauka daga sama suka wanke Bayahuden suka tona Musulmin. A Buhari da Muslim kuma, an wuce da gawar Bayahude Annabi (S.A.W) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wace ce, ya nuna musu cewa ita ma rai ce.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu: Falasɗinu. Zuciyar da ba ta ƙuna a kan abin da ake yi wa mutanen Gaza ta bincika lafiyarta. Amma wancan zalunci ne na gwamnati da soja, masu suna, a gaban idon duniya, kuma cikin masu fitowa titi suna la'antarsa har da Yahudawa. Ba ya bukatar a ƙara masa ƙarya, ƙaryar ma rage masa ƙarfi take yi. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, kuma ai ba a saukar da irin wannan umarni a kan waɗanda muke ƙauna ba.

Sa'an nan wanzami ba ya son jarfa. A 1912 wani jami'in mulkin mallakar Faransa, Maurice Delafosse, ya buga littafi a kan yankinmu inda ya ce Fulani asalinsu wasu Yahudawa ne da suka yiwo hijira daga gabas. Masana sun yi watsi da wannan tuni, amma har yanzu ana tono ta a Facebook duk lokacin da aka so a ɓata Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a nan ƙasarmu, a ce jihadinsa makircin baƙi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri ya kawo cewa Gobirawa daga Ƙibɗawan Misira suka fito. Da asali hujja ne, da sai wani ya tashi ya ce mutanen Tibiri jama'ar Fir'auna ce, ya manta da Mariya uwar Ibrahimu ɗan Annabi. Shehu Ibrahim Inyass, Allah ya ƙara masa yarda, masu hassada a Senegal sun yi ta yi wa gidansu gorin cewa asalinsu maƙera ne, da nufin su rage masa daraja. Faira ta bi ta kansu ta wuce. Don wani jikan Shehu Tijjani ya auri Bafaranshiya Aurélie Picard a farkon shekarun 1870, har yau akwai masu cewa ɗariƙar gaba ɗaya ƙirar Faransa ce, alhali Shehu ya rasu a Fas a 1815, shekara 15 kafin Faransa ta taka Aljeriya. In aka faɗa mana haka mukan ce a kawo hujja, a duba shekaru, a ji tsoron Allah. Daidai ne. Sai dai mudun da muka auna wa kanmu da shi, shi za mu auna wa wanda ba ma so.

Abin da ya fi damuna da wannan labari shi ne hutun da yake ba mu. In Wahabiyanci makircin Yahudawa ne, to ba sai mun tambayi kanmu me ya sa yaron da aka haifa a gidan wazifa a Agiye ya tafi ci-rani Maraɗi ko Katsina ya dawo ya daina zama da mu ba. Alhali in ka zauna da irin waɗannan samari, abin da za ka ji na kusa ne ƙwarai: tsadar biki da suna da sadakar uku da bakwai da arba'in a shekarar da gero bai yi ba, makarantar Islamiyya da aka buɗe wa matarsa da ƙannensa mata, tambayar da ya yi wa wani muƙaddami a kan dalilin wani aiki aka ce masa ya yi shiru ba a tambaya, da wasu masu rigar ɗariƙa da suka mayar da ita hanyar cin abinci ko suke furta maganganun da Shehu da kansa zai barranta daga gare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da magani a hannunmu, amma maganin yana da wahala, yana bukatar karatu da gyara da haƙuri. Cewa "Yahudawa ne" ba ta bukatar komai sai danna waya.

Kuma wa muke jifa in mun faɗa? Ɗan Abdulwahhabi ya yi shekara fiye da 230 a kabari. Wanda maganar take sauka a kansa shi ne ƙanenka da kuke noma gandu ɗaya, da surukinka, da maƙwabcin da zai riga kowa zuwa in gobara ta tashi a gidanka. Kai kana jin zafin ya ce maka mushiriki. Shi kuma ka ce masa almajirin Yahudu, wato munafukin da ke rushe addini da gangan. Takfiri ne ya sake riga. Imam Gazali a Ihya, cikin babin cututtukan harshe, ko Yazidu bai yarda a ɗora masa abin da ba a tabbatar ba, ya kuma nuna cewa babu wanda za a kama ranar ƙiyama don ya kame bakinsa daga la'anta.

Akwai kuma mutum ɗaya a cikin wannan labari da kowa ke mantawa da shi, shi ne Sulaimanu ɗan Aliyu kansa. Malami ne Musulmi, ya yi alƙalanci, ya koya wa mutane yadda za su yi hajji, ya rasu shekara 36 kafin a haifi jikan da ake faɗa a kansa. Bai san Wahabiyanci ba, bai san Izala ba, bai san Agiye ba. Shi ne muke cire wa uba, mu sauya masa suna, mu ce sallarsa ta munafunci ce. Mun karanta cewa tuba daga hakkin bawa ba ta cika sai an mayar da hakkin ko an nemi yafiya, kuma istigfari 100 na lazimi ba ya ɗauke wannan sharaɗi. Mai rai ana zuwa gidansa da goro a ba shi haƙuri. Wanda ya rasu a 1079, abin da ya rage shi ne a roƙa masa gafara, sannan a koma majalisin da aka faɗi maganar, ko zauren WhatsApp ɗin da aka tura ta, a gaban mutanen da suka ji, a janye ta.